Ruwan Allo a Gindin Shuwaka

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a layin Hausawa na kasuwar Ose Okwodu a Anacha ya san Malam Sha'aibu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gefe ɗaya na gemu, wanda ba ya zama sai ya jingina bayansa da bango, fuskarsa na kallon hanya. Rumfata ta barkono tana jikin tasa. Shekara biyu muna maƙwabtaka kafin ya ba ni labarin nan, kuma bai ba ni shi a zama ɗaya ba. Yakan faɗi kaɗan, mai saye ya zo, ya yi shiru, sai bayan kwana uku ya ɗora daga inda ya tsaya kamar yanzu muka rabu.

Mutumin Bunkure ne, a ƙasar Kano. Ya yi karatun allo har ya sauke, sannan ya biyo motar albasa zuwa Anacha yana saurayi. Da ya ga kasuwa ta karɓe shi sai ya aika aka turo masa ƙanensa Muntaka. Ya iya Turancin buroka daidai na ciniki, ya iya gaisuwar Ibo, kuma a lokacin yana ganin wannan ya ishe shi.

A shekarar 1966, lokacin da ƙasa ta rikice, wata rana da la'asar ya shiga shagon wani tela karɓar ɗinki. Rediyo na magana, mutane sun kewaye ta. Da ya shiga sai kowa ya juyo ya dube shi. Mai maganar yana yin irin Turancin nan na manya, mai dogayen jimloli, ba na kasuwa ba. Sha'aibu ya kasa kunne iya ƙarfinsa, bai tsinci komai ba sai kalmar da ke nufin Arewa, sau uku. Ya tambayi telan me aka ce. Telan ya rage muryar rediyon, ya miƙa masa rigarsa, ya ce ba komai, maganar gwamnati ce.

Washegari da sassafe ya ɗora Muntaka a kan motar albasa zuwa Fatakwal, kamar yadda suka saba duk mako. Kafin azahar ya ga Hausawan layi suna ɗaure kaya. Ashe abin da rediyo ta faɗa shi ne duk wanda ba ɗan yankin ba ya kama hanyar garinsu. Ya jira ƙanensa kwana uku, yana ɓoye a ɗakin ajiyar wata mata mai sayen albasa a wurinsa. A rana ta huɗu matar ta ce ba za ta iya ƙara riƙe shi ba, ta sa ɗan'uwanta ya tsallakar da shi gadar kogin Kwara. Muntaka dai har yau babu labarinsa.

"A gabana aka faɗa," in ji shi. "Ina tsaye, da kunnuwana biyu. Da na ji, da ban ɗora yaron nan a mota ba."

Bayan an gama yaƙi, a 1971, ya dawo da matarsa Rahamatu. 'Yan'uwa sun yi ta hana shi. Ya ce musu wannan kasuwar ya iya, kuma idan Muntaka yana raye, nan zai zo nemansa. Ya tarar da gari a ƙone, bangaye duk hudar harsashi. Ya sami ɗaki a wani gidan haya a unguwar Odoakpu, gida mai ɗaki goma sha biyu na wani Mista Nwokedi, mai sayar da kayan gyaran mota. Mutum ne mara yawan magana. Shi da matarsa, wadda kowa ke kira Madam, suna zaune a ɗakunan baya. A duk gidan 'yan Arewa maza biyu ne kawai: Sha'aibu, da wani akawu Kirista mutumin Kagoro mai suna Mark Kure.

Daga nan arzikin mai ya shigo. Motocin siminti suka cika titi, aka yi ta gini, albasa ba ta kwana a rumfa. Kowane shago ya sayi rediyo. To, wannan rediyon ce ta hana Sha'aibu sakewa. Da zarar an fara labarai sai ya bar kallon sikeli ya koma kallon fuskokin mutane, yana neman ya karanta a idonsu abin da kunnensa ya kasa ji. Idan biyu suka yi ƙasa da murya, sai ya bar ciniki ya kasa kunne. Rahamatu kuwa tun ranar da suka sauka ta ɗaure ƙunshi ɗaya, da zannuwa biyu da takardunsu a ciki, ta ajiye a bayan ƙofa.

Wata rana ya ga wani mutum ya baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da bakin kasuwa. Ya tsuguna ya ce yana son wanda ke koyar da Turanci irin na rediyo. Mutumin ya zaro masa wani littafin nahawu na 'yan makaranta, bangonsa ya cire, darasi sittin ne a ciki. Sha'aibu yana da shekara arba'in da ɗaya a lokacin. Ya ɗan san baƙaƙen boko daga ajin yaƙi da jahilci da ya shiga a gida, yana iya haɗa su a hankali, amma hannunsa ba ya gudu sai da ajami.

Hanya ɗaya ya sani ta karatu, ita ya bi. Ya ciro allonsa na yarinta daga ƙasan akwati, ya dafa tawada, ya feƙe alƙalami. Ran Lahadi idan Mark ya dawo daga coci sai ya roƙe shi ya karanta masa darasi ɗaya da ƙarfi, sau biyu. Shi kuma ya rubuta a allo da ajami, yadda ya ji lafazin, da bisimilla a sama kamar yadda aka koya masa fara kowane rubutu. Sauran aikin nasa ne shi kaɗai. Bayan sallar asuba sai ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora allo a cinya, yana rangaji yana biyawa: na tafi kasuwa jiya, ina tafiya kasuwa yanzu, zan tafi kasuwa gobe. Ya biya fuska ɗaya har ta zauna, ya duba littafi ya gwada, sannan ya wanke ya rubuta ta gaba.

Mark yakan yi masa dariya. "Malam Sha'aibu, wai Turancin ma sai an yi masa hadda? Ga takarda, ga fensir."

"Akawu, takarda tana ɓata. Abin da ya shiga nan," ya nuna ƙirjinsa, "ko a guje nake yana tare da ni."

A kasuwa kuwa Maikuɗi mai tattasai ya laƙaba masa suna Baturen Albasa. Idan ya hango shi sai ya ƙame ya sara masa. Sha'aibu bai damu ba, domin a wata na biyar ya fara tsintar jimla guda cikakkiya a labaran rana.

Matsalar daga ruwan wankin allo ta fito. Wanda ya yi karatun allo ba ya zubar da wannan ruwa a kwata, balle da sunan Allah a ciki. Gidan kuwa duk siminti ne, kwata ɗaya ce ke kwashe ruwan wanka da na wanke-wanke. Ya zagaya ya zagaya, ya ga wuri ɗaya ne tak mai ƙasa mai tsabta: wani ɗan fili a bayan gida, ƙarƙashin tagar Madam, inda ta shuka shuwaka, ganyen nan mai ɗaci da suke miya da shi. Ya ji daɗi ma, ya ce ga tsabta ga ban ruwa. Duk bayan kwana biyu sai ya ɗauki ƙoƙonsa da sanyin safiya, ya zagaya baya ba tare da ya tashi kowa ba, ya tsuguna ya tsiyaye a gindin shuwakar. Wata takwas yana haka.

Da damina ta shigo Madam ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ta haye. Aka yi allura, aka sha magani, babu sauƙi.

Rahamatu ce ta fara lura. Ta je famfo, matan gida suka janye bokitansu suka ba ta fili, babu mai amsa gaisuwarta. Washegari Sha'aibu ya gai da wani maƙwabcinsu da suka saba wasa, mutumin ya tofar da yawu ya wuce. Ran Alhamis da yamma Mark ya shigo ɗakinsu ko sallama bai yi ba, ya turo ƙofa, ya tsaya bai zauna ba.

"Malam, me kake zubawa a bayan gida?"

"Ruwan allo ne."

"Wayyo Allah." Mark ya dafe kai. "A gindin ganyen da matar nan take ci? Mama Emeka, maƙwabciyarku, ta gan ka sau uku. Ta leƙa ta taga ta ga allon, ta ce rubutun Larabci ne. Sun tona wurin, ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Suna cewa kai ka sa wa Madam ciwo."

"Akawu, kai ne fa kake karanta mini."

"Na gaya musu! Sun ce ai ni ɗan'uwanka ne, dole in rufa maka. An aika ƙauye, 'yan'uwanta maza suna zuwa. Ran Lahadi bayan coci za a zauna."

Sha'aibu ya ce da ya ji haka sai ya zauna a ƙasa. Abin da ya fara zuwa masa shi ne warin ɗakin ajiyar nan da ya ɓuya kwana uku, warin manja da busasshen kifi.

Da Mark ya fita Rahamatu ta jawo ƙunshinta. "Malam, tashi. Akwai motar Kano a tashar Upper Iweka kullum. Ka ƙona allon nan mu tafi."

"Idan na ƙona, na amsa laifi ke nan."

"To ka amsa mana, kana Kano! Wa zai biyo ka?"

"Hausawa nawa ne a layinmu? Idan na gudu, gobe a ce mai albasa ya kashe matar mutane ya tsere. Kan wa za a huce?" Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma Muntaka fa, idan ya zo?"

Ta mayar da ƙunshin bayan ƙofa, amma ta sa takalmanta a kansa.

Ya yi tunanin wanke allon ya sake rubutawa da boko. Ya ga an riga an ga na farko, canzawa zai ƙara jawo zargi. Ya bar shi yadda yake, darasi na talatin da huɗu a fuska ɗaya, rabin na talatin da biyar a ɗaya fuskar. Juma'a da Asabar ya je kasuwa, amma bai san abin da ya sayar ba. Duk wanda ya tsaya a gaban rumfa hannunsa yake fara kalla. Maikuɗi ya sara masa kamar kullum, ya ga bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Bature, yau Sarauniyarku ce ba lafiya?" Sha'aibu bai gaya wa kowa a layi ba. Yana tsoron kada samari su ce za su raka shi, abu ya zama na ƙabila.

Ran Lahadi da misalin ƙarfe biyu aka jera benci a tsakar gida. Duk 'yan haya sun fito. 'Yan'uwan Madam su uku ne, babbansu ƙaƙƙarfa ne mai tabo a wuya, an ce ya yi yaƙi. Mista Nwokedi yana kan kujera a tsakiya, da tabarau. An kawo ƙasar da aka tona a cikin kwano an ajiye a gabansa. Sha'aibu ya fito da allo da littafi da ƙoƙo, ya ajiye, ya tsaya. Ya lura wani ya je ya tsaya a bakin ƙofar fita.

Mama Emeka ta yi bayani da Ibo, tana nuna shi, tana kwatanta yadda yake sanɗa. Mai tabon ya ɗauki allon da gefen hankici, don kada ya taɓa shi da hannu, ya ɗaga kowa ya gani. Mata suka ja da baya. Mark ya miƙe zai yi magana, aka daka masa tsawa ya zauna.

Sha'aibu ya buɗe baki zai yi Turancin da ya kwana biyu yana shiryawa. Babu abin da ya fito. Wata takwas na karatu, ko kalma ɗaya bai samu ba.

Sai Mista Nwokedi ya cire tabarau ya ce, da Hausa, Hausar Kano tsantsa: "Malam, dube ni nan."

Sha'aibu ya ce wannan ya fi komai razana shi. Shekara huɗu yana gidan mutumin, bai taɓa jin kalmar Hausa ɗaya a bakinsa ba.

"Shekarata goma sha tara a Sabon Gari," in ji mai gidan. "Shagona a Fagge yake. Mu bakwai muka fito daga Kano, mu huɗu muka iso nan. Tun ranar ban ƙara yin yaren nan ba, yau ka sa na yi. Saboda haka kada ka ce mini ban san allo ba. Na san rubutu. Ni kaina na sha, lokacin da na yi ciwon ciki, wani malami maƙwabcina ya ba ni. Na san akwai na sha, na kuma san akwai wanda ake zubawa a inda mutum yake takawa ko yake ci. Wanne ne naka?"

"Oga, wallahi ba ko ɗaya. Turanci ne."

"Turanci." Ya dubi allon. "Da wannan rubutun?"

"Da shi hannuna ya saba."

"Me ya hana ka zuba a kwata?"

"Akwai bisimilla a sama."

Mai gidan ya daɗe yana kallonsa. Ya san wannan, an ga alama a fuskarsa. Ya juya ya faɗa wa sauran da Ibo. Mai tabon ya yi wata dariya mara daɗi, ya ce, da Turancin buroka, kowa ma zai iya sayen littafi ya ajiye. Wa zai karanta allon ya tabbatar, tunda duk garin babu mai iya wannan rubutu sai 'yan'uwansa?

Mista Nwokedi ya miƙa hannu ya ɗauki littafin. "Ka ce wata takwas kana wankewa. To abin da ka wanke yana ina?"

"Yana kaina, Oga."

"Za mu gani." Ya mayar da tabarau, ya buɗe tsakiyar littafin yadda Sha'aibu ba zai hango ba. "Darasi na goma sha bakwai."

Sha'aibu ya tsaya. Babu komai a kansa, fari fat. Aka fara gunaguni. Ya ji wani ya matso ta bayansa. Sai ya gane a tsaye ba zai taɓa tunawa ba, domin bai taɓa biyawa a tsaye ba. Ya cire takalmi, ya zauna a kan siminti, ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannu a cinya inda allo yake zama. Ya rufe ido ya fara rangaji.

Wata mata ta yi ƙara ta ja 'yarta ciki. Mai tabon ya miƙe tsaye. Su a ganinsu ya fara kiran aljanunsa ne. Muryar ma da ta fito irin ta makarantar allo ce, mai hawa da sauka, mai jan ƙarshen kalma. Sai da ya yi layi uku kafin wani ya gane abin da yake faɗa. Labarin wani manomi ne da akuyoyinsa: akuya ɗaya tana cin ciyawa, akuyoyi biyu suna cin ciyawa, manomin ya sayar da ɗaya, bai sayar da ɗayar ba.

Yatsan mai gidan yana bin layi. Bai ɗaga kai ba. Da aka kai ƙarshe ya buɗe wani wuri. "Na shida." Sha'aibu ya biya. "Na ashirin da tara." Ya biya, har da tambayoyin da ke ƙasan darasin da lambobinsu. Gumi ya jiƙa masa riga, idonsa a rufe, yana jira kowane lokaci ya ji saukar wani abu a ƙeyarsa.

A darasi na huɗu da aka tambaya, sai ya ji wata murya tana bin sa a hankali. Mama Emeka ce. Ashe da irin littafin aka koyar da su a makarantar mishan tana yarinya. Ta bi shi layi biyu ba ta sani ba, sannan ta kama bakinta. Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka biyo.

Mista Nwokedi ya rufe littafin. Ya sa Sha'aibu ya karanta abin da ke kan allon, ya gwada da darasi na talatin da huɗu, ya yi daidai. Amma mai tabon bai yi dariya ba. Ya ce mutum yana iya haddace littafi kuma ya yi mugun abu, ɗaya bai hana ɗaya ba. Ya nuna tagar da ƙanwarsa take kwance, ya ce shi dai yana nan yana jira ya ga yadda za ta ƙare.

Mai gidan ya ce a tuge shuwakar. Sannan ya dubi Sha'aibu ya ce da Hausa, a hankali, "Ɗauki allonka. Kada in ƙara ganin ruwan nan a gidana. Ka yi addu'a ta tashi, Malam. Ni na ga abin da na gani, amma ba ni kaɗai ne mai ita ba."

Daga ranar Sha'aibu ya sami kwalba. Idan ya wanke allo sai ya ɗura, ya sa a aljihu, ya bi ta bakin Kwara kafin ya shiga kasuwa, ya tsiyaye a kogi. Bai daina karatun ba. Ya ce idan ya daina, zama zai yi yana sauraron tarin Madam ta bango. Kowace safiya kafin ya yi alwala sai ya tsaya ya kasa kunne ya ji ko tana motsi. Bai taɓa yi wa wani addu'ar neman lafiya kamar yadda ya yi wa matar nan ba, kuma ya gaya mini da bakinsa cewa rabin addu'ar don kansa yake yi, yana jin kunyar hakan.

Aka kai ta babban asibiti a Inugu. Likitoci suka ce ƙoda ce, ta daɗe da lalacewa. Bayan mako bakwai, wata Talata da hantsi, Mark ya zo rumfa da kayan ofis a jikinsa.

"Ta rasu. An kawo labari yanzu. 'Yan'uwan sun iso." Ya sunkuyo. "Na fito da Rahamatu, tana gidan liman da ƙunshinta. Idan tasha za ka, in raka ka."

Sha'aibu ya rufe albasarsa da buhu. Ya fito bakin titi. Motocin Upper Iweka suna tsaye, kwandastoci suna kira. Ya ce ya kai minti goma a wurin. Sannan ya juya ya kama hanyar Odoakpu da ƙafa. Mark ya bi shi yana cewa, "Malam, ka tabbata? Ka tabbata?" Ya ci gaba da tafiya, shi kansa bai tabbata ba.

An kafa rumfa a ƙofar gida, mutane sun cika, mata suna kuka a ciki. Da ya doso sai surutu ya ragu. Ya sami ƙarshen wani benci ya zauna, wanda ke kusa da shi ya tashi ya canza wuri. A gabansa akwai wasu baƙi biyu masu kwat, da alama daga Legas suka zo, mai tabon yana tsaye a kansu. Ɗayan bai iya Ibo sosai ba, don haka da Turanci suke magana, irin na rediyo. Ba su ko rage murya ba, sun ɗauka mai albasa ba zai ji ba.

Ya ji. Ya ji duka, tun daga farkon jimla har ƙarshenta. Ɗaya daga cikin masu kwat ɗin ya tambaya ko wannan ne mutumin. Mai tabon ya ce shi ne. Ɗayan ya ce bai kamata a bar shi ya kwana a gidan ba, kuma akwai samari a ƙauye da za su san abin da za su yi idan an gama binnewa.

Sha'aibu ya ce da ya san haka jin yake da zafi, da wataƙila bai nema ba. Amma wannan karon ba sai ya tambayi kowa me aka ce ba. Ya miƙe, ya bi ta gabansu, ya je har inda Mista Nwokedi yake zaune. Ya tsuguna. Ya yi masa ta'aziyya da Turanci, jimla uku, a hankali: ya ji baƙin cikin rasuwar Madam, ta kasance tana kyautata wa matarsa, Allah ya ba shi haƙuri. Sannan ya ƙara ta huɗu, wadda ba ta cikin kowane darasi. Ya ce ya ji abin da mutanen can suka faɗa, kuma ya zo ne ya ji daga bakin mai gida.

Masu kwat ɗin suka dubi juna. Mista Nwokedi ya ɗago jajayen idanunsa ya dube su, ya dubi surukinsa. Bai yi Hausa ba, bai yi Ibo ba. Ya yi magana da Turanci, da ƙarfi, yadda duk rumfar za ta ji. Ya ce shi ya kai matarsa Inugu, shi likita ya nuna wa takarda, ya san abin da ya kashe ta. Ya ce wannan mutumin ɗan hayarsa ne, a gidansa yake, a gidansa zai ci gaba da zama, kuma duk wanda ya taɓa shi ya san wanda ya taɓa. Ya matsa gefe a kan bencin, ya buga wurin da tafin hannu.

Mark ya sunkuyo ta baya zai fassara. Sha'aibu ya ɗaga masa hannu.

"Bari, Akawu," in ji shi. "Na ji."

Ya zauna a wurin har la'asar, kafaɗarsa na gogar ta mai gidan. Da aka kira salla ya tashi ya tafi gidan liman ya taho da Rahamatu. Ita ta ɗauko ƙunshin, shi ya riƙe mata takalma ta sa. Har yau a ɗakin suke.